Aron Natsuwa: Rawar Iyaye Wajen Rage wa Ƙananan Yara Tsoron Dare a Gidan Bahaushe

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci tsoron da ke kama yara 'yan shekara 2 zuwa 8 idan lokacin kwanciya ya yi, da rawar da iyaye ke takawa wajen rage shi ko ruruta shi. An yi bitar binciken masana halayyar yara tun daga shekarun 1950, sannan aka auna shi da yadda ake reno a gidan Bahaushe. Yawancin shawarwarin da ke zuwa daga ƙasashen Turawa an gina su ne a kan yaron da ke kwana shi kaɗai a ɗakinsa. Yaron Bahaushe kuwa ba kasafai yake kwana shi kaɗai ba, amma hakan bai raba shi da tsoro ba. Takardar ta kafa hujja cewa kusancin jiki kaɗai bai wadatar ba. Abin da ke kwantar da hankalin yaro shi ne natsuwar babban da ke kusa da shi. An bayyana al'adun da ke ƙarfafa wannan natsuwa, da waɗanda ke rushe ta, da matakan da iyaye za su iya ɗauka.

Fitilun kalmomi: tsoron dare, barcin yara, reno, yaye, tsoratarwa, natsuwa.

1.0 Gabatarwa

A cikin barci mai nauyi ne jikin yaro ke sakin mafi yawan sinadarin da ke sa shi girma, a cikin barci ne kuma ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'auni: ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13, ɗan shekara 6 zuwa 12 kuwa awa 9 zuwa 12. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni makamancin wannan ga 'yan ƙasa da shekara 5.

Tsoro yana cikin manyan abubuwan da ke cinye waɗannan sa'o'i. Ana shimfiɗa tabarma ko a gyara katifa sai yaro ya ce zai sha ruwa, ya ce zai yi fitsari, ya ce cikinsa na ciwo, ya riƙe zanin uwa ya ƙi saki. Iyaye sukan kira wannan rigima, ko shagwaɓa, ko sangarta. Sau da yawa tsoro ne wanda yaron bai iya faɗa ba. Peter Muris da abokan aikinsa sun yi wani bincike a ƙasar Holan, aka buga shi a 2001, inda suka tambayi yara 'yan shekara 4 zuwa 12 tare da iyayensu. Kimanin kashi 73 cikin 100 na yaran sun ce suna jin tsoro da dare, amma kusan kashi 34 kawai na iyayen ne suka san da haka. Wato yara da yawa suna kwana da fargabar da na kusa da su bai sani ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ƙaramin yaro bai mallaki ikon kwantar wa kansa da hankali ba tukuna, aronsa yake yi a wurin babba, kuma da yawan aron ne yake koyon nasa. Takardar ta dogara ne a kan ayyukan magabata da aka buga da kuma sanannun al'adun reno na Hausawa. Ta taƙaita a kan yaran da aka yaye ko ake shirin yayewa, zuwa farkon shekarun firamare.

2.0 Yadda Tsoron Dare ke Tasowa

Tsoro yana da matakai kamar yadda zama da rarrafe da tafiya suke da su. Daga wajen wata 6 zuwa 8 jariri yakan fara ƙiwa, ya ƙi yarda da baƙo, ya yi kuka idan uwa ta ɓace masa. Wannan tsoron rabuwa yana ƙaruwa bayan ya cika shekara, sannan ya riƙa raguwa a hankali zuwa shekara 3. Daga shekara 2 zuwa 6 tunanin yaro yana iya ƙaga abubuwa kafin ya iya bambance ƙage da gaskiya, shi ya sa rigar da aka rataya a ƙusa take zama mutum a tsaye da zarar an ɗauke wuta. Daga shekara 7 abin tsoron yakan sauya zuwa abubuwan da ke iya faruwa da gaske, kamar ɓarayi, gobara, ko mutuwar uwa.

Dare yana haɗa abubuwa uku a lokaci guda. Duhu yana kawar da gani, wanda shi ne babban abin da yaro ke tabbatar da lafiyar wuri da shi. Shiru yana fito da ƙananan sautuka, motsin ɓera a rufi, haushin kare, kukan mujiya. Barcin kansa kuma rabuwa ce, domin rufe ido yana nufin daina ganin uwa.

A cikin jiki akwai tsari biyu da ba sa tafiya tare. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin melatonin mai shirya jiki don barci. Idan kuwa wani ɓangare nata da ake kira amigdala ya hango haɗari, na gaske ko na zato, sai jiki ya saki adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, ido ya bushe. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke iya cewa "babu komai", shi ne na ƙarshen nuna, ba ya kammala sai bayan shekara 20. Saboda haka tsawa ba ta sa yaro mai jin tsoro barci. Tana iya sa shi ya yi shiru, amma shirun tsoro daban, barci daban.

2.1 Abubuwa Uku da ake Rikitawa

Na farko shi ne tsoron kwanciya, wanda ke zuwa tun yaro yana farke, kuma shi ne jigon wannan takarda. Na biyu mugun mafarki, wanda ya fi faruwa a ƙarshen dare. Yaro yakan farka sosai, ya gane uwarsa, ya ba da labarin abin da ya gani, kuma rarrashi yana yi masa amfani. Na uku firgitar barci, wadda ke faruwa a sulusin farko na dare, cikin barci mai nauyi. Yaro yakan zabura ya zauna, ya ƙwalla ƙara, idonsa a buɗe amma bai gane kowa ba, yana gumi, wani lokaci yana ture mai riƙe shi. Bayan 'yan mintoci sai ya koma barci, da safe kuma bai tuna komai ba.

Wannan na uku shi ya fi tayar da hankalin iyaye, kuma shi ake yawan dangantawa da iskoki ko maita. Likitoci sun san shi sarai. Yakan bi jini, ƙarancin barci da zazzaɓi suna tayar da shi, kuma yawancin yara suna rabuwa da shi kafin balaga. Abin da ake buƙata shi ne a kare yaron daga buguwa ko faɗuwa, kada a jijjiga shi don ya farka, kada a tara masa mutane a ka. Babu abin da ya hana uwa ta yi masa addu'a a hankali tana zaune kusa da shi.

3.0 Abin da Bincike ya Nuna Game da Aron Natsuwa

Likitan Birtaniya John Bowlby, a littafinsa na 1969 kan shaƙuwa, ya bayyana cewa neman kusantar mai reno a lokacin duhu ko ciwo ko kaɗaici halitta ce da ke kare ɗan Adam daga halaka tun yana ƙarami. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta fara gwada wannan ra'ayi ne a nahiyar Afirka, a ƙauyukan da ke kusa da Kampala ta ƙasar Yuganda, a 1954 da 1955. Ta lura cewa jariran da uwayensu suka fi fahimtar alamunsu su ne suka fi ƙarancin kuka, su ne kuma suka fi ƙarfin halin yin nesa da uwa su yi wasa. Wannan ya saɓa wa zaton cewa amsa kukan yaro yana sangarta shi.

An yi irin wannan nazari a ƙasar Hausa. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, ciki har da Robert LeVine da Sarah LeVine, sun buga sakamakon lura da wasu jarirai a wani garin Hausa na arewacin Nijeriya. Sun tarar jariri yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu na gidan, amma akwai ɗaya da ya fi nema idan hankalinsa ya tashi, wadda ta fi ɗaukarsa da hulɗa da shi, kuma ba lallai ne ta zama mahaifiyarsa ba. Darasin da ke nan shi ne, a gidan yawa, tambayar ba wa ya haifi yaron ba ce, wa yaron yake kallo idan ya tsorata.

Kallon nan shi ne James Sorce da abokan aikinsa suka gwada a Amurka a 1985. Sun ɗora jarirai 'yan wata 12 a kan teburin gilashi da aka shirya shi ya yi kamar akwai ɗan rami a tsakiya, uwa tana tsaye a ɗaya gefen. Jariri yakan iso bakin ramin ya tsaya ya dubi fuskar uwa. A cikin 17 da uwayensu suka nuna alamar tsoro, babu ko ɗaya da ya ƙetare. A cikin 19 da uwayensu suka yi fara'a, 14 sun ƙetare. Ramin bai canza ba, fuskar uwa ce ta canza. Gwajin Edward Tronick na shekarun 1970 ya nuna ɗaya ɓangaren: idan uwa ta ɗaure fuska ta daina mayar wa jariri martani na minti biyu ko uku, tana zaune a gabansa, sai ya rikice ya fara kuka. Kenan uwa tana iya kasancewa a wurin, amma a wajen yaro tamkar ba ta nan.

4.0 Gidan Bahaushe a Ma'aunin Wannan Bincike

4.1 Inda Al'ada take da Ƙarfi

Kwanan ƙaramin yaro shi kaɗai a ɗaki baƙon abu ne a yawancin al'ummun duniya. Gilda Morelli da Barbara Rogoff da abokan aikinsu sun kwatanta uwayen ƙabilar Maya na ƙasar Gwatamala da na Amurka a 1992. Da aka gaya wa matan Maya cewa a can jariri yana kwana a ɗakinsa, mamaki da tausayi suka nuna. Bahaushiya ma haka za ta ji. Goyo, kwana a bayan uwa, sannan kwana cikin yayye ko a ɗakin kaka, duk sun rage wa yaronmu kaɗaicin da littattafan Turawa suke ta faman neman maganinsa.

Abu na biyu shi ne tsari. Jodi Mindell da abokan aikinta sun tambayi uwaye fiye da 10,000 a ƙasashe 14, suka buga sakamakon a 2015: gwargwadon yawan dararen da ake bin tsari iri ɗaya kafin kwanciya, gwargwadon yadda yaro ke saurin yin barci da ƙarancin farkawa. Gidan Bahaushe ya gaji irin wannan tsari: tuwon dare, sallar isha'i, tatsuniya a tsakar gida, addu'a, shimfiɗa. Tatsuniya ta cancanci a dube ta da kyau. Akwai Dodo a cikinta, akwai kura, amma tana da buɗewa da rufewa sanannu, ana yin ta ne yaro yana jingine da kakarsa, kuma yawanci ƙarami ko mai wayo ne ke tsira. Yaro yana ɗanɗana tsoro kaɗan alhali yana cikin aminci, wanda shi ne ainihin hanyar da masana ke bi wajen magance tsoro.

Abu na uku shi ne addu'a. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) idan zai kwanta yakan haɗa tafukansa ya yi tofi, ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya shafe jikinsa, har sau uku. Ya ruwaito kuma cewa yana nema wa jikokinsa Hasan da Husaini tsari. Bayan falalarta ta ibada, uwar da ke yi wa ɗanta wannan tana haɗa murya mai taushi da shafar jiki da kalmomi iri ɗaya kowane dare. Iyalan Hausawa Kirista ma suna da addu'ar kwanciya da ke yin irin wannan aiki.

4.2 Inda Al'ada take da Rauni

Babban rauni shi ne mayar da tsoro sandar horo. "Yi barci ko Dodo ya zo." "Ga kura nan a bakin ƙofa." "Zan kira mai allura." Wani lokaci har a sa babban yaro ya ƙwanƙwasa ƙyaure daga waje yana kauri da murya. Dodon tatsuniya yana mutuwa da ƙarewar labari, amma Dodon tsoratarwa ba shi da ƙarshe, kuma daga bakin wadda yaro ya fi gaskatawa ya fito. A nan uwa ta zama mai nuna fuskar tsoro a bakin rami, sannan tana umartar yaro ya ƙetare. Magabata sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Da wannan ɗabi'a mu ne muke shigo da na dajin har kan shimfiɗa.

Na biyu shi ne yayen farat ɗaya. A al'ada, idan yaro ya kai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, akan shafa wa nono abu mai ɗaci ko a kai yaron gidan kaka ko gwaggo ya yi kwanaki. A dare ɗaya ya rasa nono, da bayan uwa, da ɗakin da ya sani, a shekarun da tsoron rabuwa bai gama sakinsa ba. Idan kakar tana cikin waɗanda ya shaƙu da su, abin yakan zo da sauƙi. Idan baƙuwa ce a wurinsa, ana iya daɗewa ana fama da kukan dare. Haka abin yake ga yaron da aka ba wani riƙo, da wanda auren iyayensa ya mutu, da wanda aka kai almajiranci yana ƙarami.

Na uku shi ne kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a gaban mutane. A da, kaka ko abokiyar zama ce ke cike wannan giɓi. A gidan haya na birni, inda daga miji sai mata, idan aka riƙe kunyar ba tare da mai cike giɓin ba, yaron ne ke asara. Ya kamata a tuna cewa Manzon Allah (SAW) ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, kuma ya yi masa gyara da ya ce shi bai taɓa sumbatar ko ɗaya daga 'ya'yansa goma ba.

Na huɗu sabo ne: wayar hannu. Haskenta yana jinkirta fitar melatonin, kuma yaro yana kallon abin da manya ke kallo, finafinan aljanu da bidiyon gawarwaki da ake turawa ta WhatsApp. A ƙara da shayi mai kauri da lemon kwalba mai ɗauke da sinadarin kafeyin da daddare, da kuma faɗan miji da mata da ake bari sai an ɗauka yara sun yi barci.

4.3 Idan Abin Tsoron na Gaske ne

A sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Barno, da yankin Maraɗi da Difa na Nijar, akwai yaran da suka ji harbi da dare, suka kwana a gona ko a sansanin gudun hijira. Sace ɗalibai a Chibok a Afrilun 2014, da Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, duk da dare aka yi, kuma labarin ya shiga kunnen yara ta rediyo da hirar manya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Irin wannan yaro ba a ce masa "babu komai", domin ya san akwai. Abin da za a gaya masa shi ne gaskiyar da zai iya ɗauka: an kulle ƙofa, Baba yana nan, idan wani abu ya taso tare za a fita, kuma tsaron gida aikin manya ne.

Avi Sadeh da abokan aikinsa sun gwada wata dabara a kan yara 'yan shekara 2 zuwa 7 da yaƙin Isra'ila da Labanan na 2006 ya raba da gidajensu. An ba kowane yaro ɗan kwikwiyo na ƙyalle, aka ce masa yana cikin baƙin ciki don ya yi nesa da gida, yana neman mai kula da shi. Bayan 'yan makonni alamun firgici sun ragu a wurin yaran, musamman waɗanda suka rungumi aikin. Yaron da aka ba amanar rarrashin wani yakan manta da nasa tsoron. 'Yar tsana ta kara ko ta tsumma za ta iya yin wannan aiki, ba tare da an kashe ko sisi ba.

5.0 Tsakanin Natsuwa da Biyewa

Akwai kuskure na biyu da ke kishiyantar tsoratarwa, wato biye wa tsoron. Uwar da ke ɗaukar tocila kowane dare tana leƙa ƙarƙashin gado sau biyar tana neman Dodo, ko take barin yaro ya kwana yana kallon waya don kada ya yi kuka, tana tabbatar masa ne cewa akwai haɗari kuma ba zai iya jurewa ba. Eli Lebowitz na Jami'ar Yale ya gina wata hanyar magani a kan wannan. A gwajin da aka buga a 2020, an raba yara 124 masu ciwon fargaba, 'yan shekara 7 zuwa 14, gida biyu. Kashi ɗaya likita ya riƙa ganin yaran. Ɗaya kashin iyaye kaɗai aka horar, a kan su riƙa nuna wa yaro sun yarda tsoronsa na gaske ne, su nuna masa sun amince zai iya, sannan su rage biyewa a hankali. Sakamakon hanyoyin biyu ya zo daidai. Yawancin yaran sun girmi waɗanda ake magana a kansu a nan, amma ƙa'idar ɗaya ce: gyaran halin iyaye magani ne ga yaro.

A aikace, matakan su ne kamar haka.

Na farko, babba ya fara da kansa. Uwar da ta wuni tana aiki, ga girki ga wanki, ba ta da sauran haƙuri da ƙarfe tara. Idan ta ji ranta ya ɓaci, gara ta miƙa yaron ga uba ko kaka ko yaya. Uba ba baƙo ba ne a wannan aiki. Muryarsa a bakin ƙofa tana da nauyi a wurin yaron da ke tsoron ɓarayi.

Na biyu, a saurara kafin a musanta. Idan yarinya ta ce, "Umma, akwai wani abu a bayan ƙyaure," amsar da ta fi ita ce, "Na ga kin tsorata, 'yar albarka. Zo mu duba tare." A haska sau ɗaya, a bar ta ta taɓa rigar da hannunta, a ce, "Kin gani, rigar Abba ce. Ina nan, kwanta." Ba a yi mata dariya, ba a kuma ba wa yayyenta labarin da safe don su tsokane ta.

Na uku, a yi doguwar maganar da rana. Tambayoyin mene ne Dodo, ina mamaci yake zuwa, a amsa su da hantsi, lokacin da tunanin yaro yake aiki.

Na huɗu, a janye a hankali. Idan ana son mayar da yaro ɗakin yayyensa, a fara da zama a gefen shimfiɗarsa har ya yi barci, bayan wasu darare a koma bakin ƙofa, sannan a fita da alkawarin za a dawo a leƙa shi bayan an rufe kaji ko an kashe murhu. Sai a cika alkawarin, domin a kansa komai ya rataya. Kada a sulale a gudu. Yaron da ya farka ya tarar an yaudare shi, gobe ba zai rufe ido ba. Ga wanda ya kai shekara 3 zuwa sama kuma yake yawan tasowa, Patrick Friman ya gwada wata dabara a 1999: a ba yaro kati ɗaya da zai iya musanyawa da fitowa sau ɗaya, don shan ruwa ko runguma. Sanin cewa ƙofa ba a rufe take ba yakan sa ya daina buƙatar ta.

Na biyar, ƙaramar fitila mai dushi-dushi ba laifi ba ce, kuma fitilar sola ta fi kyandir ko aci-bal-bal aminci.

6.0 Lokacin Zuwa Asibiti

Ba kowane kukan dare ne tsoro ba. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon kunne, tsutsar ciki mai sa ƙaiƙayin dubura da dare, ciwon ƙashi na masu sikila, da minshari mai haɗe da ɗaukewar numfashi, duk suna hana yaro barci. Jijjiga ko sanƙarewar jiki kuwa ba a jira da ita. A nemi likita idan tsoron ya yi makonni yana hana yaro makaranta ko wasa, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya fara tsoron wani mutum takamaimai ko wani ɗaki. Wannan na ƙarshe yana iya zama alamar cin zarafi. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta Nijeriya ta yi da tallafin UNICEF a 2014 ya nuna yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun fuskanci cin zarafi na lalata kafin shekara 18. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, da asibitocin koyarwa, suna duba matsalolin fargaba.

Wajibi ne a yi kashedi game da ba yaro magani don ya yi barci. Wasu na sayen Phenergan ko Piriton a kyamis da wannan niyya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba ɗan ƙasa da shekara 2 sinadarin da ke cikin Phenergan saboda yana iya tsayar da numfashi. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin Nijeriya ta haramta yinsa da shigo da shi tun Mayun 2018. Ko da maganin ya kwantar da yaro, tsoron yana nan yana jiran gobe.

7.0 Shawarwari

1. Ma'aikatan awo da rigakafi su riƙa tambayar uwaye yadda yaro ke barci, su bayyana musu bambancin mugun mafarki da firgitar barci.
2. Malaman Islamiyya da masu wa'azin mata su yi bayani kan illar tsoratar da yaro, su koyar da addu'ar kwanciya a matsayin abin da ake yi cikin taushi, ba tare da jero wa yaro sunayen abubuwan da ake tsare shi daga gare su ba.
3. A mayar da yaye mataki-mataki: a fara rage nonon rana, kuma idan za a kai yaro wani gida, ya zama wurin wanda ya riga ya saba da shi.
4. Gidajen rediyo su farfaɗo da shirye-shiryen tatsuniya da yamma, iyaye kuma su ajiye waya aƙalla awa ɗaya kafin kwanciyar yara.
5. Masu aikin agaji a sansanonin gudun hijira su haɗa da tallafa wa uwaye kansu, tunda wadda hankalinta yake a tashe ba ta da abin da za ta ara wa ɗanta.
6. Sassan nazarin halayyar ɗan Adam da na Hausa a jami'o'inmu su haɗa hannu su tambayi yaran Hausawa da bakinsu abin da suke tsoro da dare.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa tsoron dare mataki ne na girma da yawancin yara ke bi, kuma abin da ke yanke hukuncin ko zai wuce ko zai zauna shi ne halin babban da yaro ke kallo. Bahaushe ba ya buƙatar aro tsarin ɗakin yaro daga waje. Yana da kusanci, da yawan masu reno, da tatsuniya, da addu'a. Gyaran da ake nema guda uku ne: a daina horo da Dodo, a sassauta rabuwar farat ɗaya, a kuma bambance rarrashi da biyewa. Dukkansu ba sa buƙatar kuɗi, amma suna buƙatar a rage wa uwa nauyin dare, kuma wannan aikin uba ne da sauran mutanen gida.